Hukuncin Dabbar da Mai Ita Ya Kasa Riƙewa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya hore mana dabbobi, Ya sanya akalarsu a hannunmu ba don ƙarfinmu ko dabararmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda yawancinmu ba mu ɗauke ta abin tambayar malami ba, alhali kuwa malaman fiƙihu sun yi magana a kanta tun da daɗewa. Mas'alar ita ce: mutum ne yake riƙe da dabba a gidansa, kyanwa ce (wadda wasunmu ke kira mage, wasu mussa), ko karen gadi, ko jaki, ko tsuntsu cikin keji, sai wani hali ya zo masa wanda ba zai iya ci gaba da riƙon ba. Wani talauci ne ya kama shi. Wani ma'aikaci ne aka ɗauke shi daga Damagaram zuwa Yamai, gidan hayar da ya samu kuma ba ya ɗaukar dabba. Wani kuwa kyanwarsa ce ta haifi ƴaƴa biyar a bayan rumbu. To, yaya zai rabu da ita ba tare da ya ɗauki zunubi ba?

Abin da muka saba gani kowa ya san shi. A zuba ƴaƴan kyanwa cikin buhu tun idanunsu ba su buɗe ba, a ba yaro ya kai su juji ko bakin kasuwa. Jakin da ya shekara goma yana jan amalanke, yana ɗauko ruwa da itace, ranar da ya tsufa, bayansa ya yi gyambo, sai a kwance masa igiya a kora shi bayan gari. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Su kuma ƴan'uwanmu mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka, tasu tambayar daban take: a can akwai gidaje na musamman da ake karɓar dabbobin da masu su suka gaza, shin ya halatta Musulmi ya kai tasa can? Amsar tambayoyin nan biyu daga tushe ɗaya take fitowa.

Ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita

Shehu Halilu, Allah Ya yi masa rahama, a cikin Muhtasar, ya kawo hukuncin ciyar da dabba a babin nafaƙa, wato babin da aka yi bayanin ciyar da mata da iyaye da ƴaƴa. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Abin da ya tabbatar shi ne, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar babu makiyayar da za ta ci ta ƙoshi. Idan ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita. Haka nan idan yana aza mata aikin da ya fi ƙarfinta. Ya kuma bayyana cewa ba a tatsar nononta sai gwargwadon abin da ba zai cutar da ɗanta ba. Masu sharhi suka ƙara da cewa manufa ita ce a fitar da dabbar daga hannunsa ta kowace hanyar da shari'a ta yarda: sayarwa, ko kyauta, ko yanka idan irin wadda ake ci ce.

Har ma sun yi maganar makauniyar kyanwa. Suka ce idan kyanwa ta makance a gidan mutum, ta zamo ba ta iya fita neman abinci, ciyar da ita ya hau kansa, ko da ba shi ya kawo ta ba. Amma idan lafiyayya ce mai iya tafiya, ba a wajabta masa ba, domin yana da damar ya kore ta. Ku lura da wannan rarrabewa, za mu buƙace ta nan gaba.

Asalin wannan hukunci shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ta ci ba. Akwai kuma abin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Ja'afar, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga garkar wani mutumin Madina, wani raƙumi ya gan shi ya yi kuka, idanunsa suna zubar da hawaye. Annabi ya shafa shi har ya natsu, sa'an nan ya nemi mai shi, ya yi masa faɗa a kan barinsa da yunwa da kuma gajiyar da shi da aiki, ya tunatar da shi cewa Allah ne Ya mallaka masa wannan dabba.

Shubuhar masu cewa "ai na sake ta"

Wani zai ce: Malam, ai hadisin kyanwa da kansa ya nuna cewa da matar ta sake ta, da ta kuɓuta. Ni ma ban tsare tawa ba, sakinta na yi, kuma Allah Ya faɗa a Suratu Hudu cewa arzikin kowace dabba a kanSa yake.

Wannan magana tana da kamar gaskiya, shi ya sa ta daɗe tana ruɗin mutane. Sakin da hadisin ya ambata saki ne zuwa ga abinci. Kyanwa babba, lafiyayya, wadda ta san unguwarta, ta iya kama ɓera da ƙadangare, idan ka buɗe mata ƙofa ba ka zalunce ta ba, kuma wannan ita ce wadda malamai suka ce kana da damar korarta. Amma ɗan kyanwar da bai kai kwana goma ba, wanda bai ma buɗe ido ba, wane ƙwaro zai kama a kan juji? Ƴaƴan kyanwa ba sa wadatuwa daga nonon uwarsu sai sun kai wajen mako 8. Wanda ya jefar da su kafin nan ya kashe su ne, sai dai ya zaɓi kisan da idonsa ba zai gani ba. Ya kuma haɗa da wani laifin, wato raba uwa da ƴaƴanta. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu, Annabi (S.A.W.) ya yi inkarin abin, ya umarci a mayar mata da su.

Haka tsohon jaki. Wanda ya kore shi a watan bazara, lokacin da masu shanu ma suke sayen dusa da harawa da kuɗi, ya san babu makiyaya. Sharaɗin da Shehu Halilu ya sanya bai cika ba, saboda haka wajibin yana nan a wuyansa ko da jakin ya yi nisan kwana uku da gidansa. Ayar Suratu Hudu kuwa gaskiya ce, amma arzikin ƴaƴanka ma a kan Allah yake, ba mu kuma ga wanda ya kafa hujja da ita ya daina cefane ba.

Ba muna maganar halin larura ba ne. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da makiyaya suka riƙa barin dabbobin da suka kasa tashi a kan hanya, su kansu suna neman abin da za su tsira da shi. Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Muna magana ne a kan wanda yake da zaɓi, ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙi.

Gidan ajiyar dabbobi: daga ina ya samo asali?

Mutane da yawa sun ɗauka wannan al'adar Nasara ce tsantsa. Lalle a wannan zamani su suka tsara ta. A Ingila an kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1824, aka buɗe gidan karnuka na Landan, wanda aka sani yau da sunan Battersea, a 1860. A Faransa an kafa ƙungiyar SPA a 1845. Amma wanda ya karanta tarihin magabata zai tarar Musulmi sun riga su.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Umar ana barin ɓatattun raƙuma suna yawo suna haihuwa, babu mai taɓa su. Da zamanin Sayyidina Usman ya zo, sai ya yi umarni a riƙa cigiyarsu, sa'an nan a sayar, idan mai su ya bayyana a ba shi kuɗin. Ibnu Abi Shaiba kuma ya ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyibi cewa Sayyidina Ali ya gina wa ɓatattun dabbobi garke, ana ciyar da su daga baitulmali, ciyarwar da ba ta sa su ƙiba, ba ta kuma ramar da su, har mai su ya zo da shaida ya karɓa. In wannan ba gidan ajiyar dabbobi ba ne, to mene ne?

Daga baya sai abin ya shiga babin waƙafi. Sarki Baibaras, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya bar wata garka a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Baturen nan Edward Lane, wanda ya zauna Masar a shekarun 1830, ya ba da labarin cewa har a lokacinsa ana zuba wa kyanwoyi abinci kowace la'asar a farfajiyar kotun babban alƙali. Shehu Mustafa Siba'i na Sham, wanda ya rasu a 1964, ya ambaci wata makiyaya a Dimashƙa da aka yi waƙafinta domin dabbobin da suka tsufa ko suka gaza, su yi kiwo a cikinta har ajalinsu ya zo. A garin Bursa na Turkiyya har gidan jinyar shamuwa aka yi a ƙarni na 19. Mu kuwa a yau, idan aka ce waƙafi, tunaninmu ba ya wuce tabarmar masallaci da butoci.

Saboda haka hukuncin a fili yake. Kai dabba gidan da za a ciyar da ita, a yi mata magani, a nema mata wani mai riƙo, halal ne, domin nau'i ne na fitar da ita daga mallaka ta hanyar kyauta. Idan kuwa babu wata mafita sai wannan, ko kuwa a bar ta cikin yunwa, to kai ta ya zama wajibi. Babu laifi don masu gidan ba Musulmi ba ne, ba a sharɗanta Musulunci ga wanda ake yi wa kyautar dabba ba. Kuma mas'alar hanin cin kuɗin kare, wadda malamanmu suka yi saɓani a kanta game da karen farauta da na gadi, ba ta shigo nan ba, tun da bayarwa aka yi, ba ciniki ba.

Sharuɗɗan da ya kamata a kiyaye

Na farko kuma mafi nauyi: ka san abin da ake yi da dabba a inda za ka kai ta. Tara dabbobi wuri ɗaya ba shi ne kula da su ba. A 1910 hukumar birnin Istambul ta kwashe dubban karnuka daga tituna ta zuba su a wani tsibiri na dutse da ba shi da ruwa, suka mutu da yunwa da ƙishirwa. Gidajen zamani ba haka suke ba, amma da yawa daga cikinsu idan wuri ya cika suna kashe dabba da allura. Ƙungiyar ASPCA ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2011 an kashe karnuka da kyanwoyi kimanin miliyan 2.6 a irin waɗannan gidaje na ƙasar, adadin ya sauko zuwa kimanin 920,000 a 2019. A Faransa kuma, dabbar da hukuma ta tsinta a titi ana tsare ta kwana 8 na aiki, idan mai ita bai zo ba sai a miƙa ta ga wata ƙungiya, ko a kashe ta idan likitan dabbobi ya ga haka.

A nan dole a rarrabe. Mazhabarmu ta Malikiyya ta yarda a yanka dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki ko alfadari, idan an yanke ƙauna daga rayuwarta, domin a hutar da ita. Shehu Halilu ya ambaci wannan a babin yanka. Saboda haka jakin da ƙafarsa ta karye karayar da ba ta ɗoruwa, yanka shi ya fi barinsa angulaye su fara cinsa da rai. Amma kashe lafiyayyar dabba wadda ba ta cutar da kowa, don kawai ɗaki ya cika, wannan ba ya cikin rangwamen. Wanda yake da zaɓi tsakanin gidaje biyu, ya tambaya, ya kai ta inda ba a yin haka. Idan kuma ya sami amintaccen mutum da zai karɓa hannu da hannu, a ganina wannan ya fi kowane gida.

Wannan sharaɗi bai tsaya ga Turai ba. A nan ƙasarmu, wanda zai sayar da tsohon jakinsa ya dubi mai saye. Fataucin fatar jaki zuwa ƙasar Sin ya yi ƙamari har gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su domin fata a watan Fabrairun 2024. Miƙa dabba ga wanda ka san zai kora ta kwana da kwanaki babu ci babu sha, ba ya wanke ka.

Na biyu: faɗin gaskiya. Idan karen yana cizo, ka faɗa. Idan kyanwar tana da ciwo, ka faɗa. Ɓoye aibi ha'inci ne ko a kyauta, domin wanda zai ɗauke ta gobe yana iya zama mai ƙananan yara. Wasu kuma, don gudun biyan ɗan abin da gidan yake nema, sai su ce a titi suka tsinci dabbar. Ƙarya ce, kuma kuɗin da ake gudu ɗin wani yanki ne na nafaƙar da dama tana kanka. Wanda kuma ya ga kamar ya fi sauƙi ya ɗaure ta a jikin itace ya gudu, ya sani ya haɗa saɓon Allah da saɓa dokar ƙasar da ya shiga da amana. A Faransa, tun dokar 30 ga Nuwamba 2021, yasar da dabba laifi ne da hukuncinsa yake kai ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000, wato kusan miliyan 30 na kuɗinmu na sefa.

Na uku: idan ka bayar, ka bayar. A wurin malamanmu kyauta tana lazimtar mutum da furuci, tana cika da karɓa. Wanda ya sa hannu a takarda ya miƙa dabbarsa, ba shi da haƙƙin ya dawo bayan wata biyu ya ce yaransa suna kuka, sai dai in an mayar masa don raɗin kai. Wannan ya bambanta da wanda ya yasar da dabba wani ya tsinta ya raya ta. A nan malamai sun yi saɓani. Imamu Ahmad ya ce ta zama ta wanda ya raya ta, saboda hadisin da Abu Dawuda ya kawo ta hanyar Sha'abi. Imamu Malik ya ce tana nan ta mai ita na farko, amma sai ya biya wancan abin da ya kashe a kanta. Ku duba, ko a maganar da ta bar masa mallaka, ba ta sauke masa ciyarwa ba.

Game da kare

Kare yana buƙatar ƙarin bayani, domin a kansa muka fi sakaci ta fuska biyu. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a Risala cewa ba a ajiye kare a gida sai domin gona, ko dabbobi, ko farauta, malamai na baya kuma suka haɗa da gadin gida idan akwai tsoron ɓarayi. Wanda ya ajiye shi ba da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba, hadisi ya tabbata cewa ana rage masa lada kowace rana. To, sai wani ya ji wannan wa'azi, ya koma gida ya kori karensa da jifa, yana ganin ya tuba. Wannan gyaran kuskure ne da kuskure. Ya nemi manomi ko makiyayi ko mafarauci da yake da buƙata ya ba shi. Kada mu manta Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Ta ɗaya fuskar kuma, karen da aka kora ba ɓacewa yake yi ba. Yana shiga cikin karnukan juji, daga nan ciwon haukan kare yake yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Don haka karen da ya ciji mutum, ko halinsa ya sake, haramun ne a sake shi cikin gari ko a ba wani shi a ɓoye. A tsare shi, a sanar da likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo. Wanda aka ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a gaggauta kai shi asibiti domin allura, kada a tsaya ga tofi kaɗai. Shari'a ta halatta kashe kare mai cizo ko da mutum yana cikin harami, amma hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslim ya wajabta kyautatawa har a wurin kisa. Ba a tara yara su yi ta jifa suna sowa, ba a kuma ƙonawa da wuta.

Irin waɗancan gidaje ba su zama al'adar garuruwanmu ba, saboda haka mafitarmu tana hannun junanmu. Mai ƴaƴan kyanwa ya yi haƙuri su kai wata biyu tare da uwarsu, sa'an nan ya tambayi masu rumbuna da masu shagunan hatsi, waɗanda ɓeraye suka dama, da wuya ya rasa mai so. Kyanwa ba najasa ba ce, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa a hadisin Abu Ƙatada, wanda ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha. Mai tsohon jaki, in ba zai iya ba shi kaɗai, ya gaya wa maƙwabtan da suka sha aronsa, kowa ya kawo damin kara ko tiyar dusa. Mai tafiya kuma ya fara neman mai karɓa tun ranar da takardar canjin wurin aiki ta iso, kada ya bari sai mota ta tsaya a ƙofar gida.

Wanda zai yi cigiya, ya yi ta a ƙofar masallaci bayan an fito, ko ta bakin mai unguwa. Kada ya yi ta a cikin masallaci, domin Muslim ya ruwaito hanin Annabi (S.A.W.) ga mutumin da ya tashi yana cigiyar raƙuminsa a ciki, kuma neman mai karɓar dabba ya fi kama da wannan.

Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama.